Idan Babur Ya Ƙi Sauka Silo

Akwai ƙorafin da ba ya yankewa a garejin gyaran babur, ko a Dambatta ne, ko Bichi, ko Kunchi, ko wata rumfa ƙarƙashin darbejiya a bakin hanyar Kazaure. Mai mashin zai tsaya, bai ko kashe ba, ya ce: "Oga, duba min abin nan. Na saki totur amma ya ƙi sauka, sai ihu yake yi." Abin da yakan biyo baya ba ya cin minti ɗaya. Yaron gareji ya ɗauko sukudireba, ya sassauta notin silo, ƙara ta ragu, a biya, a tafi. Kwana biyu sai ga mutumin ya dawo. Ko dai yanzu mashin ba ya tsayawa da safe sai an riƙe masa totur, ko kuwa da ya yi zafi ihun ya dawo yadda yake.

Notin silo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Babur ɗin da jiya yake zaune lafiya, yau ya kama gudu a tsaye, ba notin nan ne ya juya kansa cikin dare ba. Wani abu ne ya canza, kuma in aka danne ƙarar ba a nemo shi ba, yana nan yana cin injin a ɓoye.

Wani zai ce ai ƙara ce kawai. Ba ƙara kawai ba ce. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a Janairun 2013, mutumin birni ya koma adaidaita, amma a karkara babur bai taɓa ajiye aiki ba: shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun gero Dawanau, shi ke kai tunkiya kasuwar Dambatta ran Lahadi, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Mai kuma ya daina zama abin wasa tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafi. Litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce N1,000 a wurare da yawa. Injin da ke gudu fiye da ƙima duk lokacin da aka tsaya gaisawa, ko jiran fasinja, ko ɗaure kaya, kuɗi yake ƙonawa. Baya ga haka, waɗannan injina iska ce ke sanyaya su, kuma iskar sai ana tafiya take bugun su. Ka bar shi yana ihu a tsaye cikin zafin Afrilu, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, baƙin mai ya tsinke, fistin da ringi su fara ji a jikinsu. Giyar farko ta riƙa shiga da ƙarfi, "ƙwas". Roba-roba kuwa, da ba shi da kulocin hannu, sai ya riƙa zabura da zarar an sa giya. A burtalin da ke tsakanin gonaki, inda ba a ganin abin da ke bayan kwana saboda dawa ta yi tsayi, ga yara ga awaki, mashin ɗin da ba ya rage gudu in an saki totur haɗari ne tsantsa.

Saboda haka tun kafin a shiga gyara, ga abin da ya kamata kowane mahayi ya riƙe: in totur ya maƙale maka a kan hanya, matse kuloci, taka birki, kashe makulli. In roba-roba ne, birki da makulli. Kada ka tsaya kokawa da hannun totur mashin yana tafiya.

Abin da ke faruwa a cikin kafireta

Kafiretar da ke jikin yawancin baburanmu, Boxer ne ko Jincheng ko Haojue ko Lifan, abu ne mai sauƙi. Bututu ne da iska ke bi daga iyakilina zuwa inji. A tsakiyarsa akwai wani ƙarfe mai hawa da sauka, wanda kanikawa ke kira fistin ɗin kafireta. Wayar totur ce ke jan sa sama, sifirin kuma ya mayar da shi ƙasa. Duk wanda ya taɓa noman rani a Watari ko Tomas ya san ƙofar ruwa: ka ɗaga ta, ruwa ya wuce da yawa, ka sauke ta, ya ragu. Haka fistin ɗin nan yake yi wa iska. In aka saki totur ba ya rufewa ruf. Yana sauka ne ya zauna a kan bakin notin silo, ya bar 'yar kafa. Ta wannan kafa inji ke numfashi a tsaye. Man da yake sha a lokacin kuma ba ta babban jet yake fitowa ba, ta wani ƙaramin jet ne mai rami da bai kai rabin milimita ba, kuma akwai noti na biyu, notin iska, da ke daidaita yawan cakuɗin.

Inji yana son iska da mai a kan wani ma'auni, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur in aka auna da nauyi. Da wannan za ka gane cewa silo yana hawa ne galibi ta hanya uku. Ko fistin bai sauka inda ya kamata ba. Ko iska na shiga ta wata ɓarauniyar hanya bayan ta tsallake kafireta. Ko kuma man silo ya ragu, cakuɗi ya yi tsinkakke, wani kuma ya ɗaga noti don ya rufe wannan raunin. Yawancin binciken da za mu yi, neman wacce ce daga cikin ukun nan muke yi.

To, nawa ne daidai? Yawancin ƙananan injina masu fistin ɗaya suna zama ne wajen juyi 1,300 zuwa 1,500 a minti in sun yi zafi. Honda ta ƙayyade wa CG125 juyi 1,400, ƙari ko ragin 100. Baburanmu da yawa ba su da agogon juyin inji, don haka kunne ne ma'auni. Inji mai zagaye huɗu yana bugawa sau ɗaya a kowane juyi biyu, wato kamar bugu 700 a minti. Kunne yana jin su a rarrabe, ɗaya na bin ɗaya. In suka haɗe suka zama gurnani guda, ya yi sama. A baburan da fitilar gaba ke cin wuta kai tsaye daga maganeto akwai wata alamar: in fitila tana haske tar kana tsaye kamar kana gudu, silo ya yi yawa.

Ka saurara kafin ka kwance

Bakaniken kirki yana tambaya kafin ya ɗauki sifana. Yaushe abin ya fara? An wanke kafireta kwanan nan? Mashin ya faɗi? An canza kan babur ko wayar totur? A ina aka sayi mai na ƙarshe? Rabin amsar tana cikin waɗannan tambayoyi.

Sai a tayar da inji a yi tafiyar minti goma ya yi zafi sosai, a kafe shi a kan babbar ƙafa, a sa shi a firi, a murɗa totur kaɗan a saki. In ya hau ya zauna a sama bai ko motsa ba, zargi yana kan waya ko fistin. In ya hau, ya yi jinkiri, sannan ya riƙa saukowa a hankali kamar ba ya so, wannan alamar iska ce ta yi yawa ko mai ya yi kaɗan. In yana hawa yana sauka da kansa ba wanda ya taɓa shi, ita ma alamar iskar sata ce. In kuwa da safe lafiya lau yake, sai ya yi zafi yake tashi, to mai yiwuwa wani ne ya ɗaga masa noti lokacin da yake da sanyi. Wannan na ƙarshen ya fi yawa da hunturu: gari ya waye da sanyi, mashin yana ta mutuwa, mai shi ya ƙara silo maimakon ya ja cok ya ba shi minti biyu, da hantsi kuma ya rasa abin da ya sa yake ihu.

Waya

Fara da abin da ba ya buƙatar kuɗi. Inji a kashe, murɗa totur har ƙarshe ka sake shi. Ya kamata ya koma da kansa nan take, ka kuma ji wani ɗan sauti, "tak", daga cikin kafireta. Sautin fistin ne ya sauka a kan noti. In ba ka ji ba, ko hannun yana komawa a hankali, ka samu bakin zaren.

Dole ne hannun totur ya zama yana da ɗan wasa, milimita 2 zuwa 6, kafin ya fara jan waya. Da yawan matasa suna ɗaure shi tam don su ji mashin yana amsawa da wuri, ba su san sun rataye fistin a kan waya ba. In babu wannan wasa, sassauta notin da ke jikin wayar kusa da hannu, ko wanda ke saman murfin kafireta, har ya samu. Daga nan tayar da inji ka juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. In ƙara ta canza, waya ta yi gajarta ko an bi da ita ta inda bai dace ba.

A nan yanayin aikinmu yana da hannu. Ana ɗora jarka ko ƙullin kaya a kan tanki a ɗaure da robar tif, robar ta danne waya. Ana cire tanki don walda, wajen mayarwa a matse wayar tsakaninsa da firam. Mashin ya faɗi a yashi, robar hannu ta tura ciki tana gugar maɓallin wuta, ko yashi ya shiga tsakanin bututun totur da ƙarfen kai. Wayar kanta in ta tsufa silinta yakan tsinke ya riƙa kamawa a cikin riga. Cire ta ka ja da hannu. In tana karce, ko ka ga ko da sili ɗaya ya tashi, canza ta, domin wadda ta fara tsinkewa ba mai da zai gyara ta. In ƙura ce kawai, ɗiga mata kananzir ya wanke, sannan ɗan baƙin mai kaɗan. Kada ka cika mata giris. Giris da ƙurar hunturu in suka haɗu laka suke zama.

Duba cok kafin ka wuce. Wani lokaci ana tura shi amma bai koma ƙarshe ba, musamman wanda ke da waya zuwa hannu. Alamarsa daban take: warin ɗanyen mai, baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi.

Fistin ɗin kafireta

Kashe inji ka kwance murfin sama, ka zaro fistin tare da allurarsa da sifirin. Kula sosai, domin a nan ake yin kuskuren da ya fi kowane tsoratarwa. Fistin yana da tsaga biyu. Ɗaya doguwa ce tun daga sama har ƙasa, ita ke bin wani ɗan tsini da ke cikin jikin kafireta. Ɗayar gajeriya ce a ƙasa, mai gangare, ita ke zama a kan notin silo. In aka juya shi baibai, sai ya tsaya a rabin hanya, murfi kuma ya ɗauru kamar ba komai. Ka buga kik, inji ya tashi da gudu kamar zai fashe. Duk mashin ɗin da ya fara wannan haukan nan da nan bayan an wanke kafireta, kashe makulli ka duba nan kafin komai. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce ka cire robar iyakilina ka leƙa: fistin ya sauka har ƙasa, kafar da ta rage ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba.

Shafa yatsa a jikin fistin. In ka ji yashi ko danƙon tsohon mai, wanke shi da ramin da fetur mai tsabta, ka mayar da shi a bushe. In ka ga gefensa ya cinye yana ƙyalli, kuma yana girgiza a cikin rami, ƙura ce ta yi aikinta tsawon shekaru. Irin wannan yana barin iska ta zagaye shi, kuma yau ya zauna nan gobe can, don haka ba zai taɓa riƙe silo ɗaya ba. Duba sifirin ko ya karye ko ya yi laushi. Duba murfin ma: akwai roba a cikinsa, kuma zarensa siriri ne mai saurin hawa a karkace.

Iskar sata

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne cutar ta fi zama, kuma ita ce ke kashe inji ba tare da an ankara ba.

Tsakanin kafireta da kan inji akwai wuya, wasu na ƙarfe wasu na roba, tare da fakin ko zoben roba a kowane gefe, wani lokaci da wani baƙin faranti mai hana zafi wucewa. A silo, da yake fistin ya kusa rufewa, zuƙar da ke cikin wannan wuya tana da ƙarfi ƙwarai. Tsagar da ido ba ya gani ta isa ta shigar da iskar da za ta kai wadda ke bi ta ƙofa. Iskar nan ba ta ɗauko mai ba, kuma ba ta bi ta soson iyakilina ba. Saboda haka ɓarna biyu take yi: cakuɗi ya tsinke inji ya riƙa zafi fiye da ƙima, sannan ƙura ta wuce kai tsaye cikin silinda. Wanda ya rage noti a wannan hali ya rage ƙara, amma zafin da ƙurar suna nan. Bayan 'yan watanni sai a ce mashin ya fara shan baƙin mai, a kai shi a canza ringi, ba wanda ya tuna da ihun da ya yi a baya.

Me ke jawo ta? Zafin rana da na inji suna busar da roba ta tsattsage. Gargadar hanyar burji tana sassauta notuna. Iyakilinar da notinta ya faɗi tana lilo, nauyinta yana jan wuyan. Sai kuma hannun mutum: an ɗaure noti ɗaya tam kafin a fara ɗayan, bakin kafireta ya lanƙwashe. An mayar da tsohon fakin da ya yage. Zoben roba ya faɗi a ƙasa ba a gani ba aka haɗa haka nan.

Ga yadda ake kama ta. Inji yana silo, kama kafireta ka ɗan girgiza ta sama da ƙasa. In ƙara ta canza, wuya ya tsage ko ya yi sako-sako. In ba ta canza ba, huda murfin robar ruwa da allura ka riƙa fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kan kowace mahaɗa, ɗaya bayan ɗaya. Inda ruwan ya toshe kafa na ɗan lokaci, za ka ji inji ya sauka ko ya yi tuntuɓe. Wasu giris suke shafawa da yatsa a zagaye mahaɗar, shi ma yana nunawa. Na san akwai masu ɗiga fetur don yin wannan gwaji, kuma gaskiya ne yana nunawa da sauri, amma ba na goyon baya. Fetur a kan inji mai zafi, kusa da wayar fulogi, a rumfar zana, ba abin da za a yi sakaci da shi ba ne.

In ka same ta, gyara na gaskiya shi ne sabon wuya ko sabon fakin. Gam da robar tif za su kai ka gida daga gona, amma ba za su kai ka kaka ba, domin fetur yana narkar da yawancin gam. In bakin ƙarfe ne ya lanƙwashe, shimfiɗa takardar sanfefa mai laushi a kan gilashi ka goga shi a hankali har ya kwanta daidai. Wajen ɗaurewa kuma a riƙa bin notunan biyu bi da bi, kaɗan nan kaɗan can. Wasu babura suna da ɗan tiyo da ke fita daga wuyan zuwa famfon mai ko wata na'ura. Shi ma yakan tsage ko ya zame, a duba shi.

Ɗaya gefen, na iyakilina, shi ma yana da tasiri. Akwai masu cire soso gaba ɗaya wai don mashin ya yi numfashi, ko su bar shi ya ruɓe ya yage. An tsara jet ɗin kafireta ne da lissafin cewa soso yana wurin. In babu shi cakuɗi yana tsinkewa, kuma a ƙasarmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, barin inji ba soso daidai yake da zuba masa yashi. Lokacin da Honda ta fitar da CG125 a 1975, ta yi shi ne musamman don ƙasashen da ake wahalar da babur ba a cika kula da shi ba, shi ya sa ta ba shi soso mai wankuwa. Da yawa daga cikin injinan Sin da ke hannunmu daga wannan tsari aka kwaikwayo su. Wanke soso da kananzir, matse shi ba tare da murɗawa ba, bari ya bushe, sa masa ɗan baƙin mai ka sake matsewa har ya rage damshi kawai. In na takarda ne, ba a wanke shi kuma ba a sa masa mai, canzawa ake yi.

In mai ne ya yi kaɗan

Kowa ya taɓa lura cewa in mai zai ƙare a tsaye, inji yakan ɗan ɗaga murya kafin ya mutu. Duk abin da ya rage man da ke isa ƙaramin jet yana iya jawo irin wannan. Cire tiyon mai daga kafireta ka buɗe famfo a cikin kwalba: ya kamata ya zubo a miƙe, ba ɗigo-ɗigo ba. In ya fara da ƙarfi sannan ya ja baya, buɗe murfin tanki. In ya dawo, ramin numfashin murfin ne ya toshe. Ka kuma dubi abin da ya taru a kwalbar. A ƙauyukan da gidan mai ke da nisa, daga galan da kwalaben 'yan bumburutu ake sha, kuma ko mai sayarwar yana da gaskiya, mazurari da jarkar da ke zaune a bakin hanya ba sa rabuwa da ƙura. Da damina kuma ruwa. Za ka gan shi ya kwanta a ƙasan kwalba. Ƙaramar matatar mai da ake sawa a tiyo ba ta da tsada, kuma ta fi kuɗinta amfani.

Abin da ya fi faruwa shi ne wannan. Datti ya toshe rabin ƙaramin jet. Mashin ya fara mutuwa a tsaye. Mai shi ya ɗaura notin silo ciki, fistin ya ɗagu, har inji ya fara jan mai ta gefen allura, wato ta hanyar da aka yi domin tafiya. Yanzu ba ya mutuwa, amma ba shi da tsakiya: ka sassauta noti kaɗan ya mutu, ka ɗaura kaɗan ya yi sama. Duk mashin ɗin da ya rasa wannan tsakiyar, ƙaramin jet ɗinsa ne ke neman wanki.

Rufe famfo, kwance kofin ƙasan kafireta, cire jet ɗin da sukudireba da ya cika tsagarsa daidai, domin tagulla ce mai saurin lalacewa. Ɗaga shi ka leƙa rana ta ciki, ya kamata ka ga haske zagayayye. Kada a soka masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Ramin zai faɗaɗa, kuma ba ya komawa. Jiƙa shi a fetur, a hura da iskar mai faci, in ya ƙi a bi shi da sili ɗaya na wayar lantarki mai laushi. A hura hanyoyin da ke jikin kafiretar ma, ba jet kaɗai ba. Cire notin iska ka lura da abin da ke fitowa tare da shi: sifirin, wani lokaci da ƙaramin wasa da zoben roba. In zoben ya ɓace, nan ma ƙofar iska ce. Game da fulot ɗin da ke cikin kofi, in an taɓa lanƙwasa harshensa mai zai iya tsayawa ƙasa da inda ya kamata. Sa tiyo mai gani-har-hanji a mazubar ƙasan kofi, ɗaga shi a gefen kafireta, buɗe notin zubarwa: mai ya kamata ya tsaya kusa da layin da kofi ya haɗu da jiki, ƙasa da shi kaɗan.

Wanda ya sayi sabuwar kafireta kuma ya tabbatar girmanta ne na injinsa. PZ19 ta 'yan 110 ce, PZ26 ta masu 125. Babba a kan ƙaramin inji ba ta ƙara ƙarfi, silo kawai take hanawa zama.

Abin da ke bayan kafireta

In duk wannan lafiya ne, a duba bawul. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai in inji ya yi zafi, sai silo ya rikice, mashin ya riƙa wuyar tashi da zafi. Ana auna shi ne inji yana da sanyi, da ma'aunin ƙarfe ba da kunne ba. Na CG125 milimita 0.08 ne, sauran kuma a bi abin da kamfaninsu ya rubuta. Masu tsohon Jincheng ko Suzuki AX100, mai zagaye biyu, suna da wata ƙofar daban: oyilsil ɗin karanshaf, musamman na gefen maganeto. In ya mutu inji yana zuƙar iska ta nan, kuma ko kafireta nawa aka canza ba zai sauka ba. Buɗe murfin maganeto, in ka ga jiƙar mai da ƙura sun taru a bayansa, ka samu. Wannan aikin babban bakanike ne mai abin zare maganeto, ba na guduma ba.

Sai yanzu a zo kan noti

Inji a kashe, ɗaura notin iska ciki a hankali kana ƙirga juyi har ya taɓa ƙarshe. Da yatsu biyu, ba da ƙarfi ba, domin bakinsa tsini ne. Riƙe adadin a ranka. In ba ka yarda da inda ka same shi ba, fito da shi juyi ɗaya da rabi zuwa biyu, nan ne mafari ga yawancinsu. Lura da inda yake zaune: in yana gefen iyakilina, iska yake aunawa, ɗaure shi yana ƙara mai. In yana gefen inji, mai yake aunawa, sassauta shi ne ke ƙara mai.

Tayar da inji mai zafi, sa notin silo inda zai tsaya ba mutuwa, ɗan sama kaɗan. Juya notin iska rubu'in juyi, jira daƙiƙa goma, saurara. Ci gaba ta gefen da ƙara ke ƙaruwa har ta fara raguwa, sannan ka dawo inda ta fi tsayi da santsi. Sai yanzu ka sassauta notin silo har inji ya sauko inda kake jin bugunsa a rarrabe. Murɗa totur sau biyu ko uku. Ya amsa ba tare da shaƙewa ba, ya dawo wurinsa nan da nan, bai rataye a sama ba, bai kuma nutse zai mutu ba. In yana ratayewa, ƙara masa mai kaɗan. In yana nutsewa sannan ya farfaɗo, mai ya yi yawa. In sai ka fito da notin fiye da juyi uku kafin ya yi daɗi, ko kuwa juya shi ba ya canza komai, kada ka ɓata lokaci, akwai datti ko kafar da ba ka gano ba tukuna.

Sake juya kan babur dama da hagu, sa giya ka ji yadda ta shiga. Bayan an yi aikin yini ɗaya ko biyu da shi, bari ya huce ka zare fulogi ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske shi ake so. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa: duba cok, soso da fulot. In kuwa fari ne fat kamar toka, kada a ɗora masa kaya a yi doguwar tafiya, a koma kan wuyan kafireta da ruwan fesawa tun daga mahaɗar farko.